Kurtun Duma da Kurtun Tangaran

Da aka buɗe adakar kawuna bayan sadakar arba'in, a nan gidanmu na Kalambaina, ba a sami abin da magada za su yi rigima a kansa ba. Takardun fansho ne, da hular dara da asu ya ci, da littattafan fiƙihu uku da bangonsu ya saki, sai wasu ƙananan abubuwa biyu a naɗe cikin tsumma ɗaya. Na farko ɗan farin tangaran ne, bai kai rabin kofin shayi ba, yana da faffaɗan leɓe kamar malafa da ɗan rami a tsakiya. Na biyu ɗan duma ne baƙi ƙirin, an ɗinke shi da jar fata, da guntuwar igiya a wuyansa, ya tsage daga baki har ciki. Ƙanwata ta ɗauki farin, ta ce zai yi mata amfani wajen ajiye allura. Baƙin kuwa aka tura shi wajen shara. Inna ce ta hango daga bakin ƙofa.

"Kai, ku aje wanga! Kurtun tadawam Malam na."

Malam ɗin da take nufi shi ne kakanmu. Farin kuwa na kawu ne da kansa, daga zamanin da yake elementare. Aikinsu ɗaya, riƙe tawada. Tsakanin uba da ɗansa kawai aka tashi daga wancan aka koma wannan, a zamanin jikoki kuma an rasa mai gane ko ɗaya daga cikinsu. Yau in ka ce wa yaro "kurtu", sabon soja zai kawo a ransa.

Bari mu fara da sunan. Kalmar da Inna ta faɗa, tadawa, ita ce ta fi kusa da asali. Tawada da ake ji a Kano juyin harshe ne, harufa biyu suka yi musayar wuri. Tushenta Larabci ne, dawatu, kuma a Larabci ba ruwan rubutun take nufi ba, mazubinsa take nufi. Ta biyo ta bakin Buzaye da 'yan uwansu na Sahara, waɗanda suka ɗora mata "ta" a gaba kamar yadda suke yi wa sunayen mata, irin yadda ya faru da takarda. Da ta iso ƙasar Hausa sai sunan tukunya ya koma sunan miya, muka bar wa mazubin sunan ɗan duman da muke nomawa a bayan gida. Yarbawa ma daga wurinmu suka karɓa, har yau tadawa suke cewa. Masu karatun tafsiri kuma sun san cewa daga cikin magabata akwai waɗanda suka fassara harafin Nun na farkon Suratul Ƙalam da cewa mazubin tawada ne, an ruwaito haka daga Hasanul Basri da Ƙatada. Ke nan abin da muka kusa zubarwa a shara ba ƙaramin abu ba ne a idon mutanen da.

Duk wanda ya taɓa rubutu da alƙalamin tsomawa ya san tawada tana da abokan gaba huɗu. Tana bushewa in an bar ta a buɗe. Ƙura tana faɗawa ciki. Tana kwantar da laka a gindi, sama ta tsinke, ƙasa ta yi kauri. Sannan tana zubewa, kuma ba ta zubewa sai a kan aikin da aka kwana uku ana yi. Akwai na biyar wanda ya fi damun akawu fiye da kowa: zurfi. In mazubin ya cika, alƙalami ya nutse har wuya ya ɗebo fiye da kima, ya ɗiga a takarda, ya ɓata yatsu. In ya kusa ƙarewa, sai ka yi ta karkatarwa kana ɗebo laka. Duk tarihin mazubin tawada, daga Paris har Sifawa, amsa ce ga waɗannan matsaloli. Inda aka rabu shi ne irin tawadar, da irin alƙalamin, da yadda mai rubutun yake zama.

Tawadar da Turawa suka dogara da ita ƙarni bayan ƙarni ba ta gawayi ba ce. Akwai wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak idan wani ƙwaro ya saka ƙwai a ciki. Shi suke dakawa su jiƙa, su haɗa da wani gishirin ƙarfe mai launin kore, su zuba ƙaro don ta kama jiki. Wannan ƙaron, in ba ku sani ba, yawancinsa daga yankinmu na Sahel yake zuwa. A ƙarni na 18 Faransa da Ingila sun yi ta gwabzawa a kan cinikin ƙaron bakin Kogin Senegal, ƙaron dakwara dai da yaranmu ke ɓamɓara su tauna a daji. Halin wannan tawada shi ne tana fitowa da ɗan haske, sai iska ta taɓa ta a kan takarda sannan ta yi baƙi ta shige cikin zaren takardar, ruwa ba ya wanke ta. Abin da ya sa ta zama tawadar kotu da yarjejeniya ke nan. Amma wannan kyawun shi ne cutarta a cikin mazubi, domin iskar da ke baƙanta ta a takarda ita ke kashe ta a kwalba: ta yi gudaji, ta yi fumfuna, ba kuma a farfaɗo da ita da ruwa yadda ya kamata. Ga tsami, tana cin ƙarfe. Saboda haka ko an ƙera mazubin da azurfa ko tagulla, sai an sa masa ciki na gilashi ko tangaran.

Tangaran, wanda iyayenmu mata suka yi wa laƙabi da faɗi-ka-mutu, fasahar mutanen Sin ce. Farin yumɓu ne mai suna kawolin ake haɗawa da garin wani dutse, a gasa a wutar da ta kai digiri 1,300 ko fiye, har ya narke ya haɗe kamar gilashi. Ba ya shan ruwa, tsami ba ya cinsa, kuma in an wanke shi yana komawa fari fat. Turawa sun daɗe suna saye da tsada ba su san sirrinsa ba, sai a 1708 wasu mutum biyu, Tschirnhaus da Böttger, suka dace da shi a ƙasar Saxony ta Jamus, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Faransa ta kafa tata a Sèvres a 1756, kuma ba ta sami nata kawolin ba sai a 1768, kusa da Limoges.

Mazuban farko da suka fito daga waɗannan wurare kayan fada ne. A gidan tarihin Wallace da ke Landan akwai wani da aka yi a Sèvres wajen 1758: faranti ne kore mai ruwan zinariya, a kansa ƙwallo biyu, ɗaya taswirar duniya ɗaya taswirar taurari, ciki aka ɓoye tawada da yashin busar da rubutu, a tsakiya kuma kambin sarauta wanda aka yi don ya ɓoye ƙararrawar kiran bara. Yana da kyau, ba musu. Amma a wajen aiki bai fi kurtun Malam da komai ba, rami ne da murfi.

Dabarar injiniya ta shigo ne da aka sami sabon alƙalami. Har zuwa farkon ƙarni na 19 da gashin fiffiken dinya Turawa ke rubutu, suna fiƙe shi da wuƙa kamar yadda muke fiƙe kara. Daga shekarun 1820 maƙeran birnin Birmingham, irin su John Mitchell da Josiah Mason da Joseph Gillott, suka gano yadda za a riƙa buga bakin alƙalami na ƙarfe da inji, dubbai a rana, ya yi arha har ɗan talaka ya iya saye. A daidai lokacin ofisoshi suka yawaita, bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa da gidan waya, kowanne da rundunar akawuna da ke tsoma alƙalami sau ɗaruruwa kafin a tashi. Tawada ta zama haja ta kanti. A 1832 wani likita Bature, Henry Stephens, ya fito da shuɗiya mai komawa baƙa wadda ta mamaye ofisoshin daular Ingila. Abin da ake saye da kuɗi ba a son ya bushe a banza, bakin ƙarfe kuma siriri ne, laka kaɗan ta toshe shi.

Mafi armashi a cikin amsoshin da aka bayar shi ne na wani Bafaranshe mai suna Boquet, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Paris a 1831. Ana kiransa mazubi mai famfo, ko da yake ba famfo ba ne irin na tuƙa-tuƙa. Ka ɗauka ga ɗan tulu na tangaran a tsaye, tsawon kofin shan ruwa, rufe da murfin tagulla. A gindinsa ta gaba an manna wani ɗan cokali, shi ma na tangaran, wanda ƙaramar huda ta haɗa shi da cikin tulun. A cikin tulun akwai wani dunƙulen tangaran mai nauyi, kusan faɗin cikin, yana rataye a jikin sandar tagulla mai zare irin na noti, sandar kuma ta fito ta saman murfi ta ƙare da ɗan kai da ake murzawa. In ka murza ta wannan gefe, dunƙulen ya sauka cikin tawada, ya ture ta, ba ta da wurin zuwa sai ta bi huda ta taso cikin cokalin. Kamar dai ka jefa dutse a randa ruwa ya hau. In ka tashi daga aiki ka murza ta ɗaya gefen, dunƙulen ya ɗaga, tawadar cokali ta koma ciki ta ɓuya daga iska da ƙura.

Duba abin da wannan ɗan motsi ya kashe lokaci guda. Tawadar da ke fuskantar iska ba ta wuce cikin cokali ba. Zurfin da alƙalami zai nutsa yana hannunka, ko tulun ya cika ko ya kusa ƙarewa. Hudar tana ɗan sama da gindi, laka ta kwanta a ƙasa ba ta biyo ba. Sannan, wanda ni ya fi burge ni, duk abin da ke taɓa tawadar tangaran ne. Ƙarfen yana sama, a bushe. Mutumin ya san halin ruwan da yake wa gida. Ya sami lambar azurfa a baje kolin masana'antu na Paris a 1839, kuma ya riƙa buga labarin lambar a kan tagullar da ake murzawa, abin da ya sa masu tara kayan da a yau suke gane nasa da na masu kwaikwayo. An yi su farare na ofis, an yi masu zanen furanni da zinariya na ɗakin attajirai.

Sauran dabarun ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai siffar katantanwa, wanda ke lilo a kan ƙarfe: ka jawo shi gaba bakinsa ya buɗe tawada ta gangaro, ka tura shi baya bakin ya jingina da wani faifai ya rufe. Akwai mai aiki kamar robar ruwan kaji, tulu a rufe ruf, iska ba ta shiga sai ruwan bakin ya ragu, sannan kumfa ɗaya ta shige ɗigo ya sauko. A ƙarshen shekarun 1880 kamfanin De La Rue, wanda daga baya ya buga kan sarkin farko na Arewacin Najeriya, ya sayar da wani mai suna Isobath, mai wani abu da ke lilo a ciki yana riƙe tawadar baki a zurfi ɗaya kullum. Na jirgin ruwa an yi masa faffaɗan gindi don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Na matafiya yana da murfi mai sifirin. Mafi sauƙi duka shi ne mai baki kamar mazurari da ya nutsa ciki, wanda ko ya faɗi a gefe tawada takan taru a bayan mazurarin ba ta fito ba.

Kada a ɗauka wannan tunani a Turai ya tsiro. Akwai bayanin wani mazubi mai fuska takwas, kowace fuska da rami, wanda duk yadda ka juya shi tawadar ciki tana tsaye domin an rataye ta a cikin zobba masu juyawa. Ana danganta shi ga Philo na Bizantiya, ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma ta fassarar Larabci bayanin ya iso mana, har wasu masana suna ganin Larabawan ne suka ƙara shi. Marubutan fadar Misira kuwa, kamar Ƙalƙashandi wanda ya kammala babban littafinsa kan aikin magatakarda a 1412, sun yi dogon bayani a kan dawatu da kayan cikinta. Babbar dabararsu ita ce liƙa: ɗan curin siliki ko ulu ko auduga da ake cusawa a mazubi ya shanye tawadar. Alƙalami ya taɓa shi ya ɗebo daidai, bakinsa ba ya bugun gindi ya dakushe, in mazubin ya kife kuma ba abin da zai malalo. Rabin aikin famfon Boquet ke nan, da tsumma.

Su kuwa mutanen Sin da suka ƙirƙiro tangaran ɗin, ba su cika damuwa da mazubin tawada ba. Tasu ta baƙin hayaƙi ce da danƙo, a busar da ita kamar sanda, in za a yi rubutu a ɗiga ruwa a kan dutse a goga daidai buƙata. Abin da suka yi da tangaran shi ne ɗan butar ɗiga ruwan. Wannan ya kawo mu gida, domin tawadar allo ta wannan dangi ce.

Zuge, wadda kowane almajiri ya sani, gawayi ne ko baƙin gindin tukunya, a niƙa shi lilis a haɗa da ƙaro. Ba ta da tsami, iska ba ta canza ta. In ta bushe a kurtu ba ta mutu ba, barci take yi. Ka ɗiga ruwa ka motsa da tsinke ta farka. Dole ta wanku daga allo, domin gobe za a ɗora sabon karatu, dole kuma ta shawu, domin da ita ake rubutun sha. Tawadar Stephens ba za ta yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ta littafi daban ce. Masu rubuta Alƙur'ani da littattafai a takarda suna da wadda ba ta gogewa, kuma a nan sun haɗu da Turawa a hanya ɗaya ba tare da sun san juna ba: 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema ke jima da su, su ne ke ba da abin da ƙullutun oak ke bayarwa, a jiƙa su da abu mai ƙarfe kamar kashin maƙera, a sa ƙaro. Ita ce ke komawa ruwan ƙasa-ƙasa a tsofaffin littattafanmu. Ga ja ta wasali, ga rawaya ta hamza, kowace da nata kurtun, shi ya sa za ka ga mai rubutun Alƙur'ani da ƙananan kurtu uku ko huɗu jere a gabansa.

To me ya sa wannan ta bagaruwa, mai hali irin na ta Turawa, ba ta tilasta mana ƙera inji ba? Domin sauran abubuwan da suka matsa wa akawun Paris babu su a zauren malami. Alƙalaminsa na kara ne ko gamba, ba ya tsatsa, in ya dakushe wuƙa na kusa. Duma ba ƙarfe ba ne balle tsami ya ci shi, kuma wuyansa a tsuke yake tun daga gona, iska kaɗan ke shiga. A toshe da ɗan itace ko fata. Tawadar ba ta kanti ba ce, a gida ake dafa ta kaɗan-kaɗan, in ta lalace bagaruwa na nan a bakin fadama. Wasu kuma sukan jefa ɗan auduga a ciki, liƙa ɗin nan ta Larabawa. Sannan babu teburi. Malami a kan buzu yake, takarda a kan gwiwa, kurtu a ƙasa an ɗan nutsa gindinsa cikin yashi, in an gama a rataye shi a ƙusa ko a jikin gafaka.

Wannan igiyar ta wuya ita ce duk injin kurtu, kuma in ka tuna yadda aka rubuta littattafan da Sakkwato ke alfahari da su za ka ga ba wasa ba ce. Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Daga nan jama'a ba ta sake zama wuri ɗaya na kirki ba sai da aka kai Gwandu a 1805, bayan Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa da yunwa da annoba. A tsakiyar wannan hali, a 1806, ya kammala Bayanu Wujubil Hijra. Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812, shekara uku kacal bayan ya kafa Sakkwato, tana sansanin yaƙi fiye da birni. Shehu shi kaɗai ya bar littattafai fiye da ɗari, ga na Abdullahi, ga na Bello, ga na Nana Asma'u a harsuna uku, ga wasiƙun da Waziri Giɗaɗo ke aikawa sarakunan gabas. Takardar da aka rubuta su a kai baƙuwa ce, yawanci daga Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Amma tawada da alƙalami da mazubi duk na gida ne, kuma duk suna shiga aljihun riga. Faɗi-ka-mutu ba zai kai Gudu ba, balle Gwandu.

Ban faɗi haka don in ce kurtu ya fi ba. Yana da aibinsa: gara tana cinsa, yana tsagewa kamar yadda na Malam ya tsage, yana shan tawada ta jikinsa, ba ya wankuwa, wanda ya riƙe baƙa ba zai taɓa riƙe ja ba. Wanda zai zauna awa takwas yana cika littafin haraji da siririn bakin ƙarfe, gaskiya tangaran ya fi masa.

Irin wannan zaman kuwa ya zo. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903, mulkinsu ya tsaya ne a kan takarda: ƙidayar haraji da jangali, rasit, littafin baitulmali, rajistar kotun alƙali. Ana buƙatar malaman da za su cika su da boko. Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Sakkwato ta sami Midil inda Shehu Shagari ya yi karatu ya kuma dawo ya koyar. Tare da allon bango da ƙararrawa, benci ya shigo, a kusurwarsa ta dama an huda rami. Cikin wannan rami ɗan farin tangaran na kawu yake zama, leɓensa mai kama da malafa shi ke riƙe shi kada ya zurma. Ƙanen ƙanen na Boquet ne, an cire masa famfo da zinariya an bar ƙashin: jiki mara shan ruwa, baki ƙarami. Kawu yakan ba mu labari cewa garin tawada ake kawowa a dama a babbar kwalba, monita ya bi benci-benci yana zubawa da safe, kuma ba abin da ke jawo bulala kamar ɗigo a littafin rubutu. Yaron da ya saba da kara a makarantar allo, mai son a danna shi, sai ya danna bakin ƙarfe ya baje ya fesa. Da asuba yana rubutu daga dama da zuge a zauren mahaifinsa, da hantsi yana rubutu daga hagu da shuɗiya. Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ya naɗe su a tsumma ɗaya.

Mulkin farin bai yi tsawo ba. Alƙalami mai cikinsa ya fara rage masa aiki, sannan biro, wanda ya ci sunan László Bíró, ɗan ƙasar Hungary da ya yi rajistarsa a 1938, ya gama da shi bayan Bic ya fito da mai arha a 1950. Ramukan benci suka zama wurin tara ɓawon gyaɗa. Kurtu kuwa, wanda aka zata shi zai fara tafiya, aikinsa na nan, jikinsa ne ya canza. Zaga makarantun allo na Kalambaina ko Gidan Igwai ko Mabera, za ka ga zuge a robar man shafawa da kwalbar maganin tari, an ɗaura musu zare a wuya.

Wani abu yakan zo mini a rai in na hango hasumiyar kamfanin siminti daga ƙofar gidanmu. An kafa kamfanin a 1962, ya fara aiki a 1967, saboda farin dutsen da ke ƙarƙashin garin nan, wanda masana ilmin ƙasa suka ce teku ce ta kwantar da shi kusan shekara miliyan 60 da suka wuce, har suka sa wa shimfiɗar dutsen sunan Kalambaina a littattafansu. Wutar da ake gasa siminti da ita tana kai digiri 1,450, wato ta fi wadda sarakunan Turai suka yi ta nema kafin 1708. Kawolin kuma ga shi jibge a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Wuta da yumɓun duk sun samu a ƙasarmu, a daidai lokacin da ba mai sauran buƙatar mazubin tawada.

Abin da ya fi damuna shi ne bambancin abin da za a iya sani game da su biyun. Mazubin Boquet yana ɗauke da sunan maƙerinsa da shekarar lambarsa, takardar rajistarsa tana ajiye, ana gwanjonsa a Paris da Landan da cikakken bayani. Littattafanmu su ma sun sami masu kula: akwai su a gidan tarihin Waziri Junaidu a nan Sakkwato, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Arewa House a Kaduna. Tawadar ma an fara bin sawunta; wata Ba'amurkiya mai gyaran tsofaffin littattafai, Michaelle Biddle, ta zaga Arewa tana tattara yadda malamai ke haɗa ta, ta buga bincikenta a 2011, inda ta nuna yadda itatuwan tawada da na magani suke cuɗanya. Amma kurtu ba ya ɗauke da suna ko shekara. Duk tarihinsa yana bakin wanda ya san mai shi. Da Inna ta makara da minti biyar a wannan rana, da na Malam ya zama fasasshen duma kawai, ko da wani ya tsince shi daga baya ba abin da zai iya karantawa a jikinsa. Da na zauna da ita ta gaya mini a kan dangar bayan gida duman ya fito, wani baduku maƙwabci ya ɗinka fatar, kuma da shi Malam ya rubuta Alƙur'ani biyu, ɗaya aka sayar aka sayi jaki a shekarar da gero ya yi wuya. Na rubuta duk wannan a takarda na cusa cikin tsumman.

Farin kuma na karɓo shi daga wurin ƙanwata, na ba ta gwangwanin alewa a madadinsa. Cikin hunturun bana na ba wani almajiri da ke zuwa gidanmu cin abinci, na ce ya zuba zugensa a ciki ya gwada mini. Ya juya shi yana murmushi, ya ce bai taɓa ganin kurtu mai kyau haka ba. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo da shi a wanke, fari fat kamar ba a taɓa sa masa komai ba.

"Baba, ga abinka. Kafin azahar iska ta busar da ita, ba shi da marfi. Kuma ba inda zan ɗaura mai zare."